Darasi Daga Gilashin Kyamararmu: Yadda Ake Neman Haƙƙi a Wurin Kamfani

Da yawanku kun tambaye mu dalilin da ya sa ba mu liƙa hotunan wasannin gidaje na bana a wannan allo ba. Mun yi alkawarin bayani, ga shi mun cika. Labarin bai yi mana daɗi ba, amma akwai darasi a cikinsa ga duk wanda zai sayi waya, fitilar sola ko injin ban ruwa.

Abin da ya faru

Da kuɗin karo-karonmu da gudummawar makaranta aka sayo wa kyamarar ƙungiya sabon gilashi, wato idon kyamara, irin mai jawo abu daga nesa. A wani shago aka saye shi a Sakkwato. Mako uku yana aiki lafiya. Ranar wasannin gidaje sai ya fara ƙara, yana kai da komo ya kasa tsayawa a kan saiti. Duk hotunan tseren gudu suka fito dishi-dishi, ba a gane fuskar kowa.

Muka mayar, aka ce an gyara. Bai yi kwana goma ba ya koma gidan jiya. Muka sake mayarwa, aka sake cewa an gyara. Da ya lalace karo na uku, sai aka ce mana ƙurar hunturu ce ta shige shi, laifinmu ne, kamfani ba ruwansa.

Muka kai kuka wurin malamin da ke kula da ƙungiyarmu. Ya ce, "To yara, ina shaidarku cewa kun mayar da shi sau biyu?" Muka ce, "Malam, ai da baki muka yi magana." Ya ce, "Ku da kuke koyon aikin jarida, kuka tafi ba biro ba takarda?" Nan jikinmu ya yi sanyi, kuma daga nan darasin ya fara.

Darasi na ɗaya: ka san ciwon kafin ka yi ƙorafi

Gilashin kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Gilasai ne da dama a jere cikin bututu, da ɗan ƙaramin inji mai matsa su gaba da baya har hoto ya fito tar, da wasu siraran ganyayen ƙarfe masu buɗewa da tsukewa don auna haske. A gindinsa akwai 'yan ƙarafa masu kai saƙo tsakaninsa da kyamara.

Lalacewarsa iri biyu ce. Akwai wadda mai shi ke jawowa: faɗuwa ƙasa, ruwa, yashi, ko fumfuna da ke tsirowa a ciki idan aka ajiye shi wuri mai danshi da damina. Garanti ba ya ɗaukar nauyin waɗannan. Akwai kuma aibin da ya taho da shi daga masana'anta, wannan kuwa nauyin mai sayarwa ne da kamfani.

Ta yaya za a bambance? Mun ari kyamara irin tamu wurin wani mai hoto a Jega. Muka ɗaura gilashinmu a tasa, ya yi irin ƙarar nan. Muka ɗaura nasa a tamu, hoto ya fito garau. Ka ga ciwon ba a kyamara yake ba. Muka haska cikinsa da tocila, ba ƙura mai yawa, ba fumfuna, ba alamar buguwa a jikinsa. Muka ɗauki bidiyon komai da waya.

Darasi na biyu: kada ka bari a buɗe shi

Wasu daga cikinmu sun so a kai wa mai gyaran waya ya duba. Allah ya kiyaye ba mu kai ba. Da zarar wanda ba kamfani ya amince da shi ba ya kwance noti ɗaya, kamfani ya sami hujjar janye garantinsa.

Darasi na uku: doka tana bayanka

Mayar da kaya saboda aibi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Wanda ya sayi buhun albasa a Aliero, ya je gida ya tarar ƙasan duk ruɓaɓɓiya ce, ya san inda zai koma, kuma dattawan kasuwa za su tsaya masa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ma, wanda ya ga ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Dokar ƙasa ita ma haka ta ce. Akwai Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare masu sayayya da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 132 ya ba mai saye dama, cikin wata uku da karɓar kaya, ya mayar wa wanda ya sayar masa idan kayan ba su da inganci, ba tare da an ci shi tara ba. Dole mai sayarwa ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke wannan haƙƙi.

Ku lura da wata ukun nan. Mu saura kwanaki kaɗan su cika muka farga. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Darasi na huɗu: rubuta, kada ka yi faɗa

Muka zauna muka rubuta takardar koke shafi ɗaya, kamar yadda ake rubuta labari: wa, me, yaushe, a ina. Abin da muka sa a ciki:

1. Sunan gilashin, da lambar da aka buga a jikinsa, wadda babu wani mai irinta.
2. Ranar saye, da kwafin rasit da na katin garanti. Na ainihin suna wurinmu.
3. Ranakun da ya lalace da ranakun da muka mayar. Kyamara tana ajiye kwanan wata a cikin kowane hoto, da shi muka gano su.
4. Gwajin da muka yi, da hotuna uku da bidiyo.
5. Buƙata ɗaya tak: tunda gyara sau biyu bai yi ba, a canza mana da sabo.
6. Wa'adin mako biyu, bayansa za mu kai ƙara hukumar FCCPC, wadda ke karɓar koke ta intanet.

Ba zagi, ba barazana. Malam ya sa hannu, aka kai wa mai shago kwafi ya sa hannu ya karɓa, aka tura ɗaya ga wakilin kamfanin ta imel. Wannan karon da za mu bar gilashin, sai da aka ba mu takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambarsa.

Yadda ta kaya

Kafin wa'adi ya cika, wakilin kamfanin ya amsa cewa injin saiti ne ya taho da matsala, aka aiko mana da sabo. Abu na farko da muka duba shi ne lambar jikinsa, don mu tabbata ba tsohon aka goge aka dawo mana da shi ba.

Sai dai abin da ya tafi ya tafi. Yayyenmu na aji shida sun yi tserensu na ƙarshe a makarantar nan, ba su da hoto ko ɗaya. Muna ba su haƙuri. Da mun rubuta tun karo na farko, da aƙalla hotunan bikin raba kyaututtuka ba su wuce mu ba.

Kafin ka sayi kaya

Ka tambaya: sabo ne ko na hannu? Garantin yana aiki a Najeriya? Kayan da aka shigo da su ba ta hannun wakilin kamfani ba, sau da yawa garantinsu na wata ƙasa ne. Kada ka yi cinikin biri a sama: ka gwada a gaban mai shago, kuma a rubuta lambar kayan a rasit.

Aikin wannan mako: kowa ya duba gida, rasit ɗin wayar Baba ko fitilar Inna yana nan? Wanda ke son ganin kwafin takardarmu ya same mu ranar taron ƙungiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta, Karaye