Baƙon da Raɓa ke Ciyarwa

Ɗiyata, zo ki zauna kusa da ni. Na ji abin da ya faru da safe. Kin zo da wani tsiro daga birni, fari-fari, mai kama da gemun dattijo, kin rataye shi a darbejiyar tsakar gida. Babanki ya ce kauci ne, a cire a jefar. Na ga idonki ya yi ja.

Kada ki riƙe shi a zuci. Ni na goya babanki, na san halinsa. Tsoro ne ya sa shi faɗa, don ya ga yadda kauci ya cinye lemon kakanku na fadama, reshe bayan reshe. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kama da wane ba ta wane.

Wannan naki baƙo ne daga nesa. Masana na kiransa tilansiya, kuma danginsa sun kai iri ɗari shida da wani abu. Za ki yi mamaki in na ce miki ɗan'uwan abarba ne. Asalinsa nahiyar Amurka, tun daga Fulorida da Luwiziyana har Ajantina. Turawa sun jingina sunansa ga ƙasar Sifaniya, alhali ba can ya fito ba. A ƙasarsu yakan zubo daga reshe har tsawon mita 6. A da ma da shi suke cusa katifa da kujerun mota, kamar yadda muke yi da audugar rimi.

Ba shi da saiwa ko ɗaya. Reshe wurin zama ne kawai gare shi, ba ya shan komai a jikin icce. Dubi wannan farin da ke jikinsa kamar toka. Ƙananan ɓawo ne, da su yake kama ruwan sama da raɓa da ɗan abincin da ƙura ke kawowa. Zuba masa ruwa ki gani, nan take zai koma kore. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To wannan baƙon, raɓar ma ita ce tuwonsa.

Sai dai zan gaya miki gaskiya, garinmu Kurawa ba ƙasarsa ba ce. Can inda ya fito iska na da laima. Mu kuwa damina wata huɗu ce, sauran duk rani. In hunturu ya buso, leɓen mutum ma tsagewa yake, balle abin da ke sha daga iska. Idan kika bar shi ga Allah ga Annabi, kafin bazara za ki tarar da busasshen zare.

Saboda haka ki zama ke ce raɓarsa. Ki tsoma shi cikin ƙwarya sau biyu a mako, kamar minti 20, ki girgiza shi, ki mayar inda iska ke ratsawa. Lokacin ɗari ki yayyafa masa ruwa kowace safiya, wannan kuma zai wanke masa ƙura. Ruwan sama ya fi so. Ki tara a tulu tun da damina, don ruwan wasu rijiyoyinmu na da kanwa-kanwa, yana toshe masa ƙofofin sha. Ni da zan zaɓa, kusa da randa zan rataye shi, cikin inuwa mai ɗan haske, inda sanyi ke tashi. Ranar bazara ƙona shi za ta yi. Kada ki dunƙule shi, cikinsa zai ruɓe. Kada ki binne shi a ƙasa don tausayi. Ki ɗaure da zare ko kaba, ban da wayar jan ƙarfe, guba ce gare shi. In ya yi yawa, ki tsinki sili ɗaya ki ba ƙawarki, zai ci gaba da tsiro.

In kuma ya mutu duk da haka, ba laifinki ba ne, ɗiyata. Kin yi masa karamci.

Yanzu ga abin da nake so ki yi wa babanki. Gobe ki bi shi, ki ce ya nuna miki kauci na ainihi. Za ki gan shi da koren ganye mai kauri da jajayen furanni kamar tsinken ashana. Tsuntsu ne ke kawo shi. Ya ci 'ya'yan, ƙwayar mai danƙo ta manne a reshe, ta huda ɓawo, ta shiga shan ruwan iccen. Wurin sai ya kumbura, abin da ke gaba kuma ya fara bushewa. A kan gawo da damina ya fi sauƙin gani, tunda lokacin ne gawo ke zubar da ganye, shi kuwa yana nan kore shar. Na san masu magani na nemansa, awaki ma na ci. Amma a kan lemo da gwaiba ba a yi masa kara. Fizge ganye ba ya kashe shi. Reshen ake sarewa, taƙi ɗaya ko biyu ƙasa da kumburin.

A wannan zamani da fita daji ta yi wuya a ƙasar Sabon Birni da Isa, itatuwan da ke kusa da gida sun ƙara daraja. Ki riƙe masa tsani in zai hau. In kun dawo, ki jawo shi gindin randa, ki ba shi ƙwaryar, ya zuba wa baƙon naki ruwa da hannunsa.