Ba Kowane Jan Ido Ne Apolo Ba

Wanda ya tashi a unguwar Gama ta Kano ya san yadda ake yi da jan ido. Da an ga ido ya yi ja, sai a ce Apolo ce, a leƙa kemis a sayo maganin ɗigawa. Sunan ya samo asali ne a 1969, shekarar da annobar ta ɓulla a Ghana daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Apolo ciwo ne na saman ido: ƙaiƙayi, hawaye, kwantsa, kuma yakan wuce da kansa.

Akwai wani jan idon da ba ya tafiya haka. Kumburi ne a can cikin ƙwayar ido, likitoci na kiransa yubiyaitis. Mai shi yana jin zugi mai zurfi, haske na soke shi har ya riƙa runtse ido, gani ya dusashe, wani lokaci ɗige-ɗige baƙaƙe su riƙa shawagi a gabansa. Kwantsa ba ta cika zuwa ba. In aka yi sakaci, yana jawo yanar ido, hawan jinin ido, har makanta.

A gida, iyali sun san hanya: Asibitin Ido na ECWA, wanda ke aiki a Kano tun 1943, ko Asibitin Ido na Makka, ko na Malam Aminu Kano. Sabon zuwa Ingila kuwa yakan zauna jiran ranar ganin likitan unguwa, kuma nan ne ake asarar kwanaki masu tsada. Wannan ciwo a ranar da ya fara ake kai shi asibiti. Kiran lambar neman shawarar lafiya ta 111 kyauta ne dare da rana, kuma a Landan sashen gaggawa na asibitin ido na Moorfields da ke City Road ba ya rufewa. Ba a cajin kowa kuɗin dubawa a sashen gaggawa a Ingila, ko wace irin biza yake ɗauke da ita.

Likita zai yi tambayoyin da kamar ba su shafi ido ba, kuma bai kamata kunya ta hana amsa su ba. Tarin fuka na iya kama cikin ido, haka tunjere da ƙanjamau. Akwai ƙwayar cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, wadda kan bar tabo a bayan ido ta farka bayan shekaru. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, musamman ga saurayin da ke tashi da ƙagewar baya da asuba. Sau da yawa ma gwaji ba ya nuna sanadi.

Mafi gaggawa shi ne idon da ƙwayoyin cuta suka shiga bayan aikin yanar ido, allurar ido, ko rauni. Duk wanda ya ɗauko mahaifinsa daga Kano bayan an yi masa aiki, in tsohon ya ce idon na zafi kuma ganin na raguwa, a daren za a tafi asibiti. Mai ciwon sukari ya fi shiga haɗari.

Maganin ɗigawar da aka taho da shi daga gida a jaka, sau da yawa akwai sitiroid a ciki. Shi ne dai likita kan rubuta wa mai yubiyaitis, amma sai bayan ya duba idon da na'ura, domin a idon da ke da gyambo ƙara ɓarna yake yi. A tafi da kwalbar a nuna masa.