Yadda Ake Tsara Wurin Tsallaka Titi a Japan Domin Ido da Kunne da Tafin Ƙafa

Wasu wuraren tsallaka titi a biranen Japan suna isar da saƙo guda, wato inda za a tsaya da lokacin da za a wuce, ta gani da ji da taɓawa a lokaci ɗaya, domin wanda ya rasa hanya ɗaya ya samu bayanin ta sauran.

Daga ƙasa ake fara aikin, inda ake shimfiɗa tayil mai tudu-tudu wanda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro a 1965, aka kuma fara dasa shi a birnin Okayama a watan Maris na 1967, kusa da wata makarantar makafi. Tayil ɗin iri biyu ne: mai dogayen layuka ana jera shi tsawon hanyar masu tafiya a ƙasa don ya nuna wa ƙafa da sanda inda aka dosa, mai ɗigo-ɗigo kuma ana girke shi a bakin kwalta a matsayin gargaɗin a dakata. Ƙa'idar da ƙasar ta fitar a 2001 ta tsayar da tsayin tudun a kan milimita 5, wanda ya isa a ji shi ta cikin takalmi, amma bai kai ya tare keken guragu ba. Launinsa galibi rawaya ne, saboda yawancin masu larurar ido suna da sauran gani, kuma maginin da ya sauya launin don ya saje da daɓen gefensa ya rushe rabin amfaninsa, ko da wurin ya ƙara kyau.

Bayan an kafa fitilun hanya sai a ɗaura lasifika a kowane ɓangare, a haɗa ta da koriyar fitila ta yadda sauti ba zai taɓa fita ba alhali ja ce ke ci. Kukan tsuntsu iri biyu ake sakawa, ɗaya kamar na ɗan tsako, ɗayan mai amon "kakko", kowanne da titin da yake wakilta a mahaɗar, sannan lasifikun biyu su riƙa amsa wa juna bi da bi, ta yadda makaho zai bi sautin da ke gabansa ya miƙe ba tare da ya karkace cikin motoci ba.

Matakin ƙarshe shi ne daidaita ƙarfin sautin da lokutan kunna shi, kuma a nan tsarin yake da rauni, domin ƙorafin maƙwabta ya sa ana kashe lasifiku da yawa da daddare, lokacin da makaho ba ya samun hayaniyar jama'a da zai bi.