Darasi: Yadda Ake Fara Haɗa Wutar Sola a Gida

Rana ba ta rowa a ƙasar Sakkwato. Ita ke busar da tattasai da kuɓewa, ita ke korar mutane zuwa inuwa a watan Afrilu. To, wannan rana dai tana iya kunna fitila da dare. Abin da ake kira wutar sola ke nan.

Ba baƙon abu ba ne a nan. A 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cibiyar ta taɓa haɗa wa ƙauyen Kwalkwalawa wutar sola mai ƙarfin wat 7,200. A wancan zamani kayan na da tsadar gaske, sai gwamnati. Yanzu kuɗin faranti ya sauko ƙwarai. Fetur kuwa ya hau, tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Shi ya sa har mai janareta yake tambayar sola.

Kayan aikin guda huɗu ne. Akwai faranti, shi ne kamar gona, domin shi ke samar da wutar. Akwai batir, shi ne rumbun da ake tara ta. Akwai kwantirola, wato ɗan akwatin da ke kula da rumbun. Idan batir ya cika, sai ya tsayar da caji. Idan ya kusa ƙarewa, sai ya ɗauke wutar. Na huɗu ita ce inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta NEPA. Mai farawa zai iya haƙura da ita. Akwai kwan fitila da fanka da talabijin masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir.

Mutane da yawa suna fara zuwa kasuwa, daga baya su yi lissafi. Nan asara take shigowa. Lissafi ake fara yi, kuma bai fi ƙarfin wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci ba. A jikin kowane kayan wuta an rubuta abin da yake ci, da harafin W, wato wat. Sai a ninka wannan lamba da yawan awoyin da zai yi yana aiki.

Ga misali. Maigida yana da kwan fitila 3, kowane wat 5, suna ci awa 5. Wato 3 sau 5 sau 5, ya ba da 75. Fanka mai wat 15 ta yi awa 8, ya ba da 120. Rediyo mai wat 5 ya yi awa 4, ya ba da 20. Cajin wayar hannu 2, a sa musu 20. Jimla 235. Amma wuta tana zurarewa a hanya, cikin waya da batir, kamar ruwan fadama a cikin lambatu. Saboda haka a ɗauka 300 ake bukata kullum.

Rana mai ƙarfi, wadda faranti ke aiki sosai da ita, a ƙiyasta ta awa 5 a yini. A raba 300 gida 5, an sami 60. Faranti mai wat 60 ke nan. Sai dai akwai hazon hunturu da gajimaren damina. Mai hankali sai ya sayi na wat 80 ko 100. Kwantirola mai amfiya 10 ya ishe shi.

Batir shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Mai bolt 12 da lamba 50 a jikinsa yana ɗaukar 12 sau 50, wato 600. Rabin wannan kawai ake ci, a bar rabi. Manomi ba ya share rumbu har da iri. Batir na dalma da ake tatsewa ƙaf kowane dare ba ya daɗewa. Batirin mota kuma bai dace ba. An yi shi ne don ya tayar da inji sau ɗaya, ba don ya kwana yana juya fanka ba. Akwai na litiyam, ya fi daɗewa, ana kuma iya cin fiye da rabinsa, amma da tsada.

Wajen kafawa, faranti ya fuskanci kudu, a ɗan jingine. Wanda ya fuskanci gabas, kudu na hannunsa na dama. Kada inuwar dogon yaro ko ta katanga ta taɓa shi. Inuwa a kusurwa ɗaya tana iya rage wutar faranti duka. Idan a kan kwano za a ɗora shi, a bar fili kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Haske faranti yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Wajen haɗa waya akwai tsari. A fara haɗa batir da kwantirola, sannan faranti, sannan fitilu. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa. Jar waya ta tafi alamar tarawa, baƙa ta tafi alamar ɗebewa. A sa fis kusa da batir. Siririyar waya mai araha tana zafi, tana iya ta da gobara a ɗakin kara. Wanda bai gane ba ya kira mai gyaran wuta, kuɗin aikinsa bai kai kuɗin batir ba.

Da hunturu ƙura na rufe faranti. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe ko da yamma. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Batir kuwa a ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da murhu da yara. Idan mai shan ruwa ne, ruwan batir ake ƙara masa, ban da na rijiya. Dutsen guga da hita da butar lantarki ba su da wuri a wannan ƙaramin haɗi. Dutsen guga ɗaya yakan ci wat 1,000.

Akwai kamfanonin da ke ba da ƙaramar sola a riƙa biya kaɗan-kaɗan ta waya. Kafin a sa hannu, a tambayi jimlar kuɗin duka. A kuma sani, ranar da biya ya tsaya, na'urar takan kulle kanta.

Idan batir ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar wa yara. Akwai dalma a ciki. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010. A mayar da shi wurin mai sayarwa, sau da yawa ma yakan rage kuɗin sabo.

Aikin aji: wani gida yana da kwan fitila 4 masu wat 5, suna ci awa 6, da talabijin mai wat 30 da ake kallo awa 3. Nawa ne jimlar abin da gidan ke ci a yini? A rubuta amsa a kai wa malamin aji.