Kanar Morland da Faɗuwar Sakkwato

An haifi Thomas Morland a Kanada a 1865. Shi ne ya jagoranci dakarun Gwamna Lugga da suka ci Yola a 1901, da Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Daga nan suka ratsa Zamfara, suka karya rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya ranar 15 ga Maris. Ba yawan mayaƙa ya ba su galaba ba, fifikon makamai ne. Da haka Anka da Gummi da Bukkuyum suka shiga hannun Turawa. Morland ya zama janar, ya mutu a 1925.

Aiki: Tattauna tasirin wannan mamaya a kan Hausa.