Kafin ku haƙa tushen sabuwar majami'a

Wani dattijon ikilisiya ya rubuto mini: "Majami'armu ta yi mana kaɗan. Matasa sun dage sai mai bene, mai cin mutum dubu. Ta ina za mu fara?"

Baba, ku fara da ranar Litinin. Lahadi ce ke ruɗin kwamitin gini, domin ranar ake ganin mutane cirko-cirko a bakin taga. Ku sami littafi, ku yi wata guda kuna rubuta abin da ke gudana a harabarku: Zumuntar Mata da tulunan kiɗansu, 'yan Sabon Rai, ajin baftisma, yaran makarantar Lahadi da ake jerawa a gindin darbejiya sai hadari ya watsa su. Abin da littafin nan ya nuna, shi za ku miƙa wa mai zane. In hidimarku ta fi ƙarfi wajen yara da gwauraye, azuzuwa uku, bayan gida mai tsabta da rijiyar burtsatse da maƙwabta za su ɗiba sun fi muku bene amfani. Sujadar farko ta 'yan mishan da suka kafa tushen ikilisiyar EYN, a gindin tsamiya aka yi ta a Garkida a 1923, kuma makaranta da asibiti ne suka sa aka san wurin.

Sai takardu. "Marigayi ne ya ba mu filin kyauta" ba hujja ba ce ranar da magada suka taso. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka ku nemi takardar mallaka da sunan amintattun ikilisiya, ba da sunan fasto ba. Fasto ana yi masa canjin wurin aiki. Ku karɓi izinin gini kafin bulo ɗaya ya hau, a Kaduna wajen hukumar KASUPDA, a Jos wajen hukumar JMDB.

Alkawarin ranar gidauniya kuwa, kada ku lissafa shi sai ya shigo hannun ma'aji. Na sha ganin ginin da ya tsaya a linta shekara da shekaru, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta kai ƙugu, jama'a suna sujada a rumfar kwano a gefe. Ku raba aikin kashi-kashi, kowane kashi ya ƙare da rufi da ƙofa yadda za a shiga a yi amfani da shi.

In matasa sun ƙi haƙura da benen, to injiniya mai rajista zai lissafa ginshiƙai, ba birkila ba, ko da ɗan ikilisiya ne mai yi don Allah. Tagogi su fuskanci juna saboda ranar da aka ɗauke wuta. Ƙofar shiga kuma a yi mata gangare, don tsofaffi da masu keken guragu.