Ɗaurewar Sharaɓa Cikin Dare: Miƙe Ƙafar Za Ka Yi, Kada Ka Naɗe Ta

Mutum yana tsakiyar barci, ya ɗan yi miƙa, sai sharaɓarsa ta ƙulle tamau, yatsun ƙafa su tanƙware ƙasa, ya farka da salati. Masu juna biyu a watannin ƙarshe sun san wannan azaba, haka dattawa, da manoma da leburorin da suka wuni suna gumi a rana.

Jikin ɗan Adam yana da tsoka fiye da 600, kuma aikin kowacce shi ne ja, ba ta iya turawa. Shi ya sa suke aiki bibbiyu: ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta baya ta miƙar da shi. Umarni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta laka, jijiya ta kai shi ga tsoka. Da isarsa sai sinadarin kalsiyam ya kwararo a cikinta, wasu siraran zaruruwa masu suna mayosin su cafki 'yan uwansu aktin, su ja, su saki, su sake cafka, kamar mai jan guga a rijiya hannu bayan hannu. Da haka tsoka take gajarcewa ta ja ƙashi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sakin ma sai da ƙarfi, don haka tsokar da ta gaji ba ta saurin saki.

A lokacin ɗaurewa, jijiya ce take ta aiko da umarnin ja babu ƙaƙƙautawa. Naɗe ƙafa da matse ta ƙara gajarta tsokar yake yi. Ka zauna, ka miƙe gwiwa sambal, ka kamo yatsun ƙafa ka jawo su wajen ƙaurinka, ka riƙe har ta saki. In hannu bai kai ba, sa zani ko tawul. In ka iya tashi, taka ƙasa da dunduniya. Daga baya a murza a hankali, a gasa da ruwan ɗumi.

Wanda abin yake yawan damunsa ya riƙa dafa bango yana miƙar da sharaɓa kafin ya kwanta, ya kuma sha ruwa sosai, musamman a zafin bazara da tsakanin buɗa-baki da sahur. Masu shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari su gaya wa likitansu, kada su daina da kansu. Kwinin kuwa, da wasu ke saye a kemis don wannan matsala, ban yarda da shi ba. Tun 2010 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai, domin yana iya jawo zubar jini da rikicewar bugun zuciya.

Yawancin ɗaurewa ba ta da haɗari, cikin 'yan mintuna take wucewa. Amma idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, wataƙila jini ne ya daskare a ciki, kada a murza. Haka idan fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aikin ƙarfi, ko muƙamuƙi ya sandare bayan an taka ƙusa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman man zafi.